Yadda ake zagayen duba lafiya da kariyar ma'aikata a wurin sana'a, mataki-mataki

Tun da na fara magana kan haɗurran wurin aiki, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga Garwa, Marwa, Ngaundere, har da 'yan uwanmu na Kusiri da na tsallaken gada a Njamena: to malam, mun ji, amma ta ina ake farawa? Wani mai garaji ne, wani yana da injin niƙa, wani gidan burodi, wani an naɗa shi a kwamitin ma'aikata ba a gaya masa abin da zai yi ba.

Manyan kamfanoni irin su kamfanin auduga na Sodecoton da masana'antar siminti ta Figil suna da nasu tsarin da mutanen da suka karanci abin. Wannan jagora ta masu ƙananan wurare ce: garaji, shagon walda, wurin kafinta, injin niƙa da na matsar man gyaɗa, majema, sito. Zagayen ba ya wuce awa biyu zuwa uku a irin waɗannan wurare. Da ƙafa da ido da kunne ake yin sa, kuma bai ƙare ba sai ranar da ka koma ka ga an gyara abin da ka rubuta.

Mataki na 1: Yardar mai wuri da abokan zagaye

Idan wurin ba naka ba ne, kada ka shiga da littafi da biro kana rubuce-rubuce kafin ka zauna da maigidan. Nan take za a ɗauke ka ɗan leƙen asirin masu haraji, kowa ya kama bakinsa. Ka same shi shi kaɗai, bayan gaisuwa ka ce masa, "Alhaji, ba laifin kowa na zo nema ba. So nake mu ga abin da zai iya ji wa yaran nan ciwo ko ya ƙone maka dukiya, mu tare shi tun bai faru ba." Ku yi alkawari tun a nan cewa ba za a kori kowa ba saboda abin da ya faɗa.

Mutum uku sun isa. Kai, sai ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a wurin, sai wani baƙon ido wanda ba a nan yake aiki ba. Wannan na ukun yana da muhimmanci ƙwarai. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wanda ya shekara 10 yana tsallake waya a bakin ƙofa ya daina ganinta, baƙo kuwa da shigowarsa zai yi tuntuɓe da ita.

Idan ma'aikata sun kai 20, dokar ƙwadago ta Kamaru ta wajabta a zaɓi wakilansu, to a sa ɗaya daga ciki a zagayen. Idan sun kai 50, sai an kafa kwamitin tsabta da kariya, kuma wuraren da aikinsu ya fi haɗari ana buƙatar su kafa shi ko ba su kai wannan adadi ba.

*Gargaɗi:* kada maigida ya shige gaba yana nuna muku hanya. Inda yake so ku gani nan zai kai ku, yaran kuma ba wanda zai ɗaga kai.

Mataki na 2: Kayan da za ka riƙe

Littafi da biro, waya mai ɗaukar hoto da cikakken caji, tocila, tef ɗin awo, sukudireba mai gwada wuta, 'yar gora da ruwan sabulu a ciki, da alli ko jan fenti na sa alama. Yawancinsu suna gidanka, ba sai ka sayi komai ba. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke auna ƙara. Ba su kai na'urar gaske daidaito ba, amma suna nuna inda matsala take.

Kai ma ka shirya jikinka. Rufaffen takalmi, riga mai ɗame jiki. Babbar riga da rawani a bar su a gida, mace kuma ta ɗaure mayafinta ta cusa bakinsa ciki.

Mataki na 3: Takardu, kafin ka taka ko'ina

Ka ba wannan minti 20. Dokoki biyu ne sufeton ƙwadago zai auna ka da su idan ya zo: dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992, da ƙudurin minista mai lamba 039 na 26 ga Nuwamba 1984 wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin tsabta da kariya a wuraren aiki. Sufeton yana da ikon shiga wurin aiki ba tare da sanarwa ba, dare ko rana, kuma idan ya ga haɗari zai ba da takardar gargaɗi da wa'adin gyara. Mutanen Cadi kuma tasu dokar ita ce ta 11 ga Disamba 1996, kuma su ma suna da CNPS tasu, wato hukumar inshorar ma'aikata.

Ga abin da za ka tambaya. Sunayen duk masu aiki a wurin, har da 'yan koyo da mai gadi, da shekarunsu. Doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyon sana'a ne. Shaidar rajistar ma'aikata a CNPS. Shaidar cewa likita ya duba su kafin a ɗauke su aiki. Takardar ranar da aka duba tukwanen kashe gobara. Sai littafin da ake rubuta haɗurra.

Wannan na ƙarshe da wuya ka same shi a ƙananan wurare. Kada ka yi faɗa. Ka buɗe sabon shafi ka tambayi dattijon da ke tare da kai: a shekara biyun nan, wa ya yanke, wa ya ƙone, wa wuta ta ja, wa aka kai asibiti? Abin da ya faɗa maka shi zai nuna maka inda za ka fi daɗewa idan an fara zagaye.

Mataki na 4: Zaɓen lokaci

Ka zo lokacin da aiki ya kankama, injuna na kuka, kowa na gumi. A injin niƙa da hantsi ne da kuma bayan la'asar, a gidan burodi kuwa sai ka yi sammako tun kafin asuba.

*Gargaɗi:* kuskuren da aka fi yi shi ne a sanar da rana da sa'a. Za ka tarar an share, an yayyafa ruwa, an fito da sababbin safar hannu daga leda. Ka gaya musu makon da za ka zo, amma ka riƙe ranar.

Mataki na 5: Daga bakin ƙofa, ƙasa da sama

Ka fara daga inda kaya ke shigowa, ka bi su har inda suke fita, don kada ka tsallake lungu. A kowane ɗaki ka tsaya cak minti ɗaya kafin ka rubuta komai. Dubi ƙasa: baƙin mai, rami, ƙusa, waya a kan hanya. Dubi sama: buhunan da aka jibge har suka karkata, kwanon da ya ɓalle, ƙarfen da aka rataye. Sai ka tambayi kanka, idan wuta ta tashi a bakin ƙofar nan, ta ina mutanen ciki za su fita? Sau da yawa ƙofar baya tana nan, amma an garƙame ta da kwaɗo saboda ɓarayi, makullin kuma yana aljihun maigida, maigida yana kasuwa.

Tsani idan an jingina shi, tazarar gindinsa da bango ta zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin inda ya dafa, kansa kuma ya zarce wurin hawa da kamar mita 1. Motar da aka ɗaga a garaji, kada jak kaɗai ya riƙe ta alhali mutum yana ƙarƙashi. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba sallama.

Duk abin da ka gani ka ɗauki hotonsa, ka rubuta inda yake.

Mataki na 6: Lantarki da injuna

Nan za ka fi daɗewa, don nan ne ake rasa yatsu da rayuka.

Fara da allon wuta. Shin kowa ya san inda ake kashe wutar wurin gaba ɗaya, kuma ana iya kai hannu can ba tare da an ɗauke kaya ba? Nemi disjonkta mai kare mutum, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa. Yana da ɗan maɓallin gwaji. Gaya wa masu aiki su dakata, ka danna shi. Idan wuta ba ta ɗauke nan take ba, ya mutu, a canza shi. Idan babu shi sam, rubuta. Babban da ke wajen mita ba ya wadatarwa wajen ceton wanda wuta ta kama. Sannan bi wayoyi: wadda aka haɗa da leda, wadda aka cusa tsirara cikin soket aka danne da tsinken ashana, soket ɗin da ya yi baƙi ko yake ɗumi. Taɓa sukudirebar gwaji a jikin ƙarfen kowane inji. Idan ta kawo haske, a kashe injin a take.

*Gargaɗi:* kada ka buɗe allon wuta ko ka sa hannu ciki. Naka gani da rubutawa ne, gyara na mai aikin lantarki ne.

Idan akwai janareta, a waje zai zauna, nesa da taga da ƙofa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kwantar da mutum take kamar barci. A kuma duba ko akwai makunnin da ke raba wutar janareta da ta kamfanin lantarki, don kada wutarka ta koma layi ta kashe mai gyara a kan turke.

Sai injuna. Duk abin da ke juyawa, bel, fule, sarƙa, fanka, sai da murfi. Za ka ji an ce an cire ne don bel yana yawan zamewa, mayarwa ɓata lokaci ne. Rubuta. Injin yanka da goge ƙarfe, duba ko garkuwarsa tana nan, kuma ko gudun da aka rubuta a jikin faifan ya kai na injin. A zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan akwai ranar ƙarewar wa'adinsa, mutane da yawa ba su san da ita ba. Faifan da ya tsage ko ya sha damshi, a karya shi a zubar, kada wani ya tsince shi.

Akwai tambaya ɗaya da ba na barin ta a ko'ina: idan an ɗauke wuta, me kuke yi? Dalilina ga shi. Shekarun baya ina tsaye a wani injin niƙa a unguwarmu, na kai masarar gida, aka ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa. Mata suka zauna a kan bokitansu suna fifita da bakin zane. Yaron da ke kan injin, bai fi shekara 16 ba, gashin idonsa fari fat da gari, ya ce bari ya yi amfani da damar ya zaro ƙullun da ya toshe. Ya zura hannu. Ba wanda ya tuna makunnin yana kunne. Aka dawo da wuta. Ƙarar injin da ihun yaron tare suka tashi, kuma har yau ina ganin yadda garin da ke cikin kwano ya rine. Yatsu biyu ya rasa. Mai wurin ya zauna a ƙasa yana salati yana kuka, don ɗan ƙanwarsa ne.

A yankinmu da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, musamman lokacin da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, wannan ƙa'ida ta zama dole: wuta na ɗaukewa a kashe kowane inji daga makunni. Kafin a sa hannu cikin inji don shara ko gyara, a kashe daga allo, wanda zai sa hannun shi zai kulle allon ya riƙe makulli a aljihunsa. Ƙaramin kwaɗo ne kawai ake buƙata.

Mataki na 7: Gobara, fetur da gas

Tambayi inda ake ajiye mai. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, a jarkoki da kwalabe a lungun shago, kusa da inda ake walda ko inda ake dafa shayi, wannan ba ya jiran gobe. A fitar da shi kana tsaye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya tafiya ya sami wuta a nesa ya dawo da ita.

Tukwanen gas a tsaye za su kasance, a ɗaure da sarƙa, a inuwa. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da kan tukunya; in ya yi kumfa, yoyo yake yi. Tiyon da ya tsattsage a canza shi, ba a naɗe shi da roba. Kan tukunyar oksijin kuma kada mai ko giris ya taɓa shi, ko hannun da ke da maiƙo.

*Gargaɗi:* ba a gwada yoyon gas da ashana. Ba a kuma walda a jikin tankin mota ko duron da ya taɓa ɗaukar mai, ko da an ce ya shekara a bushe. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da tururin.

Tukunyar kashe gobara da ta dace da yawancin wurarenmu ita ce mai hoda, wadda aka rubuta ABC a jikinta, mai kilo 6 ko 9. Duba abu huɗu: allurar agogonta tana kan kore, fil ɗinta da hatiminsa suna nan, an duba ta cikin shekarar nan, kuma an rataye ta kusa da ƙofa inda ido ke gani. Na sha samun ta a ofishin maigida a bayan kabad, don kada a sace. Daga nan kira yaro mafi ƙanƙanta ka ce ya nuna maka yadda zai yi da ita. Idan ya tsaya yana juya ta, to kamar babu ita ne. A koya wa kowa: zare fil, nufi gindin wutar, matsa, kaɗa hagu da dama, ƙofa tana bayanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bokiti biyu na yashi ba sa cin ko sisi, kuma suna kashe wutar man da ya zube. Ruwa kuwa ba a watsa shi a wutar fetur ko ta lantarki. A rubuta lambar 'yan kwana-kwana, 118 a Kamaru, da manyan baƙaƙe a bango.

Mataki na 8: Abin da ke cin jiki a hankali

Waɗannan ba sa zubar da jini, shi ya sa ake raina su.

Ƙara: tsaya nesa da mutum kamar tsawon hannu. Idan sai ka ɗaga murya zai ji ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙara, kuma wuni a cikinta kullum yana kashe ji, ba ya dawowa. Ƙura: shafa yatsa a kan katako ko taga. Garin hatsi, ƙurar auduga, ta katako da ta siminti duk huhu suke sauka. Ƙyalle ko bakin rawani ba ya tare mai laushin. Takunkumin da aka rubuta FFP2 ake nema, tare da buɗe tagogi ta ɓangarori biyu. Mai walda kuma gilashin rana ba ya kare masa ido, sai garkuwar walda, shi da yaron da ke riƙe masa ƙarfe.

Zafi kuwa mun san shi. Daga Maris zuwa Mayu a Garwa da Marwa yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Duba ko akwai randa ko kula da ruwan sha mai tsabta kusa da masu aiki, da inuwar hutawa. Mai aikin ƙarfi a irin wannan zafi yana buƙatar kamar kofi ɗaya duk bayan minti 20. Idan azumi ya faɗo a bazara, a mayar da aikin ƙarfi zuwa sassafe. Wanda ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nufi asibiti.

A sito ka tambayi abu ɗaya: ana sa ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwari a buhunan wake ko masara? Idan ana sawa, wa ke kwana a ciki ko a ɗakin da ke manne da shi? Iskar da ƙwayar ke fitarwa guba ce mai kisa, tana ratsa tsagar bango. Kuma duk wani magani ko sinadari da aka juye a gorar ruwan sha ko kwalbar lemo, a zubar da shi yadda ya dace ko a mayar da shi mazubinsa mai suna.

Buɗe akwatin taimakon gaggawa ka gani da idonka: bandeji, filasta, safar hannu, almakashi, maganin wanke ciwo, gishirin ORS. Ka faɗa musu ƙuna ruwa mai gudu ake sakar mata na minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ba. Man birki da makanikai ke zuba wa yanka ba magani ba ne. Wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka a kai shi a yi masa allurar tetanus. Leƙa bayan gida ma, ka ga ko akwai ruwa da sabulu.

Mataki na 9: Hira da masu aikin

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ja su ɗaya-ɗaya gefe, da harshen da suka fi sakewa da shi, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Kada ka ce "akwai matsala?", don amsar ita ce "lafiya lau, alhamdulillahi". Ka ce, "Ƙanena, wane aiki ne a nan idan aka sa ka gabanka yake faɗuwa?" Ko, "Baba, yaushe ne Allah ya kiyaye, saura kaɗan abu ya faru?" Waɗannan saura-kaɗan ɗin su ne zinariyar zagayen, don haɗarin gobe ne ya leƙo ya koma.

Idan ka ga an ba mutum kayan kariya ba ya sawa, tambayi dalili kafin ka yi hukunci. Sau da yawa takalmin ya matse shi, ko tabarau ɗin ya dushe ba ya gani da shi, ko safar ɗaya ce mutum huɗu ke karɓa-karɓa.

Za ka ji an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni ma na yi imani da ƙaddara, ba na jayayya da kowa a kanta. Abin da nake tuna musu shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Murfin bel ɗaurin raƙumi ne.

*Gargaɗi:* kada ka rubuta sunan wanda ya gaya maka magana. Sau ɗaya aka gane bakin wani, ba za ka sake jin gaskiya a wurin ba.

Mataki na 10: Auna wanne ya fi gaggawa

Za ka fito da abubuwa 20 ko 30. Idan ka zube wa maigida su gaba ɗaya, zai ce Allah ya kyauta ya ajiye takardar. Sai ka tace. Kowane abu ka ba shi maki biyu daga 1 zuwa 3. Na farko yiwuwar faruwarsa: da wuya, lokaci-lokaci, ko kullum ana cikinsa. Na biyu muninsa: ɗan rauni, kwanciya asibiti, ko nakasa da mutuwa. Sai ka ninka su.

Bel marar murfi da ake wucewa gefensa kullum, 3 sau 3, ya ba da 9. Fitilar da ta mutu a ɗakin da ba a cika shiga ba, 1 sau 2, ya ba da 2. Mai 6 ko 9 a tsayar da aikin wurin har a gyara. Mai 3 ko 4 a ba shi mako biyu zuwa wata ɗaya. Sauran su biyo baya. A nawa ra'ayin, duk abin da zai iya kisa a sa shi sahun gaba ko da makinsa 3 ne.

Mataki na 11: Gyara da kuɗinsa

Kuskuren da kowa ke yi shi ne a ruga kasuwa a sayo hular kwano da safar hannu a ce an gama. Kayan kariya su ne na ƙarshe. Fara da tambayar ko za a iya kawar da haɗarin ɗungurungum, kamar fitar da fetur daga shago. In ba zai yiwu ba, a sauya da abin da bai kai shi haɗari ba. In ba haka ba, a katange shi da murfi ko shinge. Sannan a canza yadda ake aikin. Abin da ya rage bayan wannan shi ake tarewa da takunkumi da tabarau da abin toshe kunne.

Ka kasa gyare-gyaren gida uku don maigida ya ga ba duka ne ke cin kuɗi ba. Akwai na kyauta: share hanya, buɗe ƙofar baya lokacin aiki, fitar da janareta, yashi a bokiti, dokar kashe inji idan an ɗauke wuta. Yawanci waɗannan sun fi yawa. Akwai masu ɗan kuɗi: kwaɗo, tiyon gas, soket, takunkumi, da murfin bel wanda mai walda na unguwa zai ƙera da ragowar kwano da raga. Sai masu nauyi: disjonkta da aikin mai lantarki, tukwanen kashe gobara da cika su, sake wayoyin wuri. A waɗannan ka karɓi farashi daga wuri uku, kuma ka guji tsohuwar tukunyar kashe gobara da ba ta da takardar dubawa, komai arharta.

Kuɗin CNPS na haɗarin aiki maigida ne kaɗai ke biyansa, ba a cire shi daga albashin ma'aikaci. A Kamaru kashi 1.75, ko 2.5, ko 5 cikin ɗari ne na albashi, gwargwadon rukunin haɗarin sana'ar. Wanda jimlar albashin yaransa sefa 400,000 ne a wata, idan yana rukunin tsakiya, 10,000 zai biya. Ka sa masa wannan kusa da kuɗin aikin tiyata ɗaya ya gani. Idan kuma haɗari ya auku, kwana uku na aiki doka ta ba shi ya kai rahoto.

Mataki na 12: Takarda ɗaya, sannan komawa

Rahoton kada ya wuce shafi ɗaya ko biyu. Ja layi gida biyar: abin da aka gani, inda yake, gyaran da za a yi, wanda zai yi, ranar gamawa. Gida na huɗu sunan mutum ɗaya ake sawa. Idan ka rubuta "ma'aikata" ko "kowa", ba wanda zai yi. Fara da abu biyu ko uku masu kyau da ka gani, don gaskiya ne kuma yana buɗe kunne. Ka rubuta da Faransanci idan za a nuna wa hukuma, amma a tara kowa a karanta musu da harshen da suke ji, a manna kwafi a bango, maigida ya sa hannu.

Bayan mako ɗaya ka koma saboda masu maki 6 da 9. Bayan wata ɗaya ka koma saboda sauran. Cikakken zagaye a maimaita shi duk wata uku, da duk lokacin da aka kawo sabon inji, ko aka ɗauki sababbin yara, ko wani abu ya faru. A tsakani, a ɗora wa mutum ɗaya duban minti biyar kowace safiya kafin a tayar da inji: murfi, waya, ƙofa, ruwan sha.

Ranar komawa kada ka tambaya daga bakin ƙofa ko an gyara, za a ce maka an gyara. Buɗe tsohon hoton a wayarka, je ka tsaya daidai inda ka tsaya ka ɗauke shi, ka ɗauki sabo. Kama murfin bel ɗin ka girgiza ka ji ko an ɗaure shi da kusoshi ko ɗora shi kawai aka yi saboda zuwanka. Danna maɓallin disjonkta. Wanda aka gama ka soke shi da biro a gaban wanda ya yi aikin, ka yi masa godiya da sunansa. Wanda ba a gama ba ka tambayi abin da ya hana, ka rubuta sabuwar rana a gefen tsohuwar, ba tare da ka goge tsohuwar ba.